Azariya Tagwai da Ruwan da Ba Ya Jiran Hadari

Azariya Obadiah Tagwai ya zo duniya ranar Alhamis, sha huɗu ga watan Nuwamba na shekarar 1957, a wata unguwa da ke gefen Fadan Kagoma. Yawancin sa'o'insa ba su san ranar haihuwarsu ba sai ƙiyasi, amma tasa ba ta ɓace ba, domin a ranar ce aka rufe majami'ar unguwar da kwano. Mahaifinsa yana bisa gini da guduma a hannu aka kira shi daga ƙasa, aka ce matarsa ta sauka. Ya leƙo ya tambaya ko lafiya, aka ce lafiya lau, ya ce to a bari ya ƙarasa layin ƙusar da ya fara. Waɗanda suka san Azariya daga baya sukan ce wannan hali bai tsaya a kan mahaifin ba.

Karatunsa bai wuce aji huɗu na firamare ba. Ya iya karanta Hausa da kyau, ya iya Turanci gwargwadon abin da kasuwa take bukata, sauran iliminsa kuwa a gona ya same shi. Citta ya noma tun yana saurayi. Wanda bai taɓa nomanta ba yana ganin saiwa ce kawai ake binnewa a dawo a tona, alhali sai an kafce ƙasa da zurfi, an dasa, an yanko ciyawa an lulluɓe gonar kaf don kada rana ta ƙone tsiron, an yi cira da hannu a durƙushe. Bayan damina a haƙe, a tsaga kowace saiwa biyu da wuƙa, a shanya a kan fako har ta bushe ta riƙa ƙara in ana zuba ta a buhu. Hannuwan Azariya sun riƙe ƙamshinta har sabulu ya haƙura da su.

A shekarar 1981 ya yi manyan abubuwa biyu: ya sayi keke, ya kuma auri Zipora, 'yar wani maƙeri daga Godogodo. Zipora ta sha faɗa a taron Zumuntar Mata na majami'a cewa keken ya riga ta shiga gidan, saboda haka ba ta taɓa jayayya da shi a kan girma ba. Baƙi ne, mai sanda, da kariyar ɗaukar kaya mai faɗi a baya wadda surukinsa ya ƙara wa ƙarfe. Ya ɗauki buhunan citta zuwa Kafanchan, ya ɗauki taki, ya ɗauki bencinan majami'a, ya ɗauki Zipora da naƙudar 'yarsu ta fari, Joanna, zuwa ɗakin shan magani. Azariya bai taɓa kai shi wurin mai gyara ba. Kowace Asabar da la'asar yakan kifa shi a tsakar gida, ya wanke sarƙar da kananzir, ya bi ta da mai ɗigo-ɗigo, ya juya taya ya kasa kunne kamar mai sauraron numfashin jariri.

Akwai wani abu kuma da aka san shi da shi. Tsakanin unguwarsu da gonaki akwai rafi marar gada, wanda da rani akuya take ƙetarewa, da damina kuma yakan tafi da saniya. Azariya ake tambaya ko za a iya wucewa. Ba ruwan yake dubawa ba. Sama yake dubawa, can wajen duwatsun da rafin ya taso. Idan hadari ya yi baƙi a can, ko da rana tana haske a nan, sai ya ce a jira. Ba a daɗewa kuwa sai a ji rugugin jan ruwa yana gangarowa da itatuwa. Idan sama tana garau, sai ya ce a wuce. Ba a taɓa jin ya yi kuskure ba, har abin ya zame masa doka wadda ba ta da togaciya: ruwa ba ya tashi sai an yi ruwan sama a wani wuri.

Babban ruwan da ya taɓa gani shi ne na Matsirga, inda kogi yake faɗowa daga kan dutse kusa da Kafanchan. Amma zuciyarsa tana wurin teku tun yana yaro. A majami'a an koya musu cewa ta bakin teku bishara ta shigo ƙasar, a jirgin ruwa, sa'an nan ta hauro arewa da ƙafa. A kasuwa kuma direbobi sun gaya masa cewa cittar da yake lodawa bakin teku take zuwa, a zuba ta a jirgi. Yakan ce abin da yake nomawa can yake tafiya, abin da ya ba da gaskiya gare shi daga can ya zo, shi kaɗai ne a tsakiya bai taɓa leƙawa ba. Wata shekara Zumuntar Mata suka ɗauki mota suka kai ziyara Badagiri, garin bakin teku da yake da tsofaffin majami'u na farko, Zipora tana cikinsu. Ranar da ta dawo bai bari ta kwance ɗaurin kanta ba.

"Maman Joanna, yaya yake?"

"Ruwa ne. Babba."

"Wane launi ne?"

"Ni jakata nake kallo, Baban Joanna. An ce mana akwai ɓarayi."

Ya yi mako guda yana jin haushin wannan amsa. Kowace shekara yakan ce baɗi zai je, kowace baɗi kuma takan zo da nata aikin.

A daminar 2022 ya hau akuyar maƙwabta da keke, da rana tsaka, a kan hanyar da ya fi shekara arba'in yana bi. Akuyar daga hagu ta fito, shi kuwa ya rantse bai ga komai ba. Joanna, wadda a lokacin ma'aikaciyar jinya ce a Kafanchan, ta kai shi wurin likitan ido. Likita ya haska, ya auna, ya ce hawan jinin ido ne, kuma ya daɗe yana ɓarna a ɓoye. Idon hagu ya riga ya tafi. Na dama yana gani, amma ganinsa yana tsukewa daga gefe zuwa tsakiya, kamar mai leƙe ta cikin bututu, bututun kuma ƙara ƙanƙancewa zai yi. Ya ba da maganin ɗigawa, ya ce zai rage wa cutar sauri amma ba zai mayar da abin da ya tafi ba. Da Azariya ya tambaye shi ko saura yaushe, likitan bai ɓoye ba. Ya ce, "Baba, in akwai abin da kake son gani, ka gan shi bana."

Suna isa gida Joanna ta tura keken cikin ɗakin ajiya.

"Baba, daga yau ya yi ritaya."

"Ke za ki ba shi ritaya? Shi ya kai ki asibiti kina cikin ciki."

"Shi ya sa nake tausayinsa. Ya huta, kai ma ka huta."

Bai yi gardama ba. Ya haƙe cittarsa da kaka, ya tsaga, ya shanya. Bayan Kirsimeti, wata safiya ana shan kunun acha, Joanna ta zo hutun ƙarshen mako, ya ajiye kwanonsa ya ce zai je ya ga teku. Zipora ta ce ya je mana, mota tana tashi daga Kafanchan kullum. Ya ce da keke.

Zipora ta ajiye ludayi. "Da wane idon?"

"Da wanda ya rage. Ai dominsa zan tafi."

"Baba, Legas ba Godogodo ba ce," in ji Joanna. "Masu babur na can ko mai ido biyu ba sa gani."

Sai ya shimfiɗa musu shirinsa, suka gane ya daɗe yana saƙa shi. Jamiluddeen, wani direban tirela mutumin Jere wanda ya yi shekaru yana lodin citta daga kasuwar Kafanchan, ya yarda ya ɗauke shi da kekensa har Legas. A can akwai wani mai kwale-kwale da Jamiluddeen ya sani, wanda zai ƙetarar da shi zuwa gaɓar teku. Daga nan ba mota, ba babbar hanya, sai ƙauyukan masunta a jere har zuwa daura da Badagiri, kowanne da 'yar majami'arsa. Masu ziyara ta babbar hanya suke zuwa, a cikin bas. Shi ta bakin ruwa yake so ya bi, ta inda jiragen suka gifta, ya tsaya ya yi sujada a kowace majami'a, ba jagora, ba mai ce masa a hanzarta. Joanna ta ce ita za ta ɗauki hutu ta kai shi a mota. Ya girgiza kai. Ya ce idonsa yanzu a hankali yake cin abinci. Ta tagar mota komai gudu yake yi, kafin ya kama abu ya wuce. A kan keke kuwa, inda ya so nan zai sa ƙafa a ƙasa.

Joanna ta juya wurin mahaifiyarta don neman goyon baya.

"Bar shi," in ji Zipora. "In ya zauna a nan ya makance bai gani ba, ni zan sha labarin abin da bai gani ba har in mutu. Gara ya gani, in sha labarin abin da ya gani."

Ta soya masa gyaɗa, ta ɗaura masa ƙuli-ƙuli da garin acha, ta ɗinka wa kwalbar maganin idonsa 'yar jaka mai igiya don ya rataya a wuya.

Aka ɗaure keken a bisa buhunan citta, waɗansu ma daga gonarsa suka fito, Azariya ya zauna a gaba kusa da direba. Jamiluddeen mutum ne mai son raha, ya kuma ɗauki tafiyar kamar tasa. Inda duk aka zo wani abin kallo sai ya rage gudu ba tare da an roƙe shi ba. Da suka hau doguwar gadar da ta ƙetare kogin Kwara kafin Lakwaja, Azariya ya dafe ƙofa ya miƙe zaune.

"Malam Jamilu, shi ne wannan?"

Direban ya yi dariya har sitiyari ya girgiza. "Haba Dattijo. Wannan ɗan aikensa ne. Shi ma can za shi, ya kai gaisuwa."

Mai kwale-kwalen sunansa Celestine, dattijo ne siriri mai furfura, wanda ya yi shekaru yana su a tafkin Kainji, ya dawo da Hausa mai ɗan karkata amma wadatacciya. Ya kwantar da keken a tsakiyar jirgi, ya tuƙa su cikin wani faffaɗan ruwa mai natsuwa. Azariya ya cire hularsa. Celestine ya ce ya mayar da ita, wannan ma ba shi ba ne, tafki ne kawai da ya raba gari da gaɓa. Suka sauka, suka tura keken ta cikin dajin kwakwa, yashi yana shanye taya.

Kunnensa ya riga idonsa. Ya ji wani rugugi irin na Matsirga a tsakiyar damina, amma wannan yana zuwa yana komawa, yana zuwa yana komawa, kamar wata babbar halitta tana barci. Iska ta canza ɗanɗano a bakinsa. Suka hau wani ɗan tudun yashi, itatuwa suka ƙare.

Da yake ganinsa ya tsuke, bai iya ɗaukarsa gaba ɗaya ba. Dole ya fara daga hagu, ya juya kansa sannu a hankali zuwa dama, kamar mai karanta layi guda wanda ya ƙi ƙarewa. Duk ruwan da ya sani a duniya yana da ƙetare. Akwai wata gaɓa a can, da itace, da wani mutum yana jiran ya haye. Ya nemi ƙetaren wannan ya rasa. Ya ɗaga ido daga farin kumfa zuwa kore, daga kore zuwa shuɗi, daga shuɗi zuwa wani layi miƙaƙƙe wanda babu maginin da zai iya ja, daga nan kuma sai sama. Ya buɗe baki zai yi addu'a da Hausa, kalmomin suka ƙi zuwa. Ya gwada da harshen uwarsa, shi ma haka. Sai ya tsaya kawai, hannunsa a kan sirdin keke. Celestine ya juya baya yana gyara igiyar da ba ta bukatar gyara.

Bayan an jima ya nuna masa hanya. Yashin sama mai laushi ne, ba a tuƙi a kansa. Amma can ƙasa, kusa da inda raƙuman ruwa suke mutuwa, akwai jiƙaƙƙen yashi mai tauri, sumul kamar daɓen siminti. A kansa masunta suke bi.

"Amma Baba, ka ji ni da kyau. Wannan hanya ba naka ba ne dukan yini. Ruwa yana tafiya, ruwa yana dawowa. In ya dawo, zai hau har wurin wancan kututture."

Azariya ya dubi kututturen, wanda yake can sama nesa da ruwa. Sa'an nan ya ɗaga kai ya dubi sama, gabas da yamma, kudu da arewa. Ko ɗigon girgije babu, ga shi tsakiyar rani. Ya gode wa Celestine da ladabi. A ransa kuwa ya ce mutumin kirki ne, amma zancen damina yake yi. Suka yi alkawarin haɗuwa a mashigar ƙauyen ƙarshe, inda Celestine zai ƙetarar da shi zuwa Badagiri.

Kwanakin da suka biyo baya su ne waɗanda Azariya ya fi ba da labarinsu. Yakan fita da sassafe, ruwa a hagunsa, kwakwa a damansa. Da yake idon hagu ne ya mutu, in yana tuƙi ba ya ganin tekun, jinsa kawai yake yi. Saboda haka ba ya yin nisa sai ya sa ƙafa a ƙasa, ya juyo gaba ɗaya ya fuskance shi. Ya ga mutanen ƙauye guda, maza da mata, sun kama igiya ɗaya suna jan taru daga cikin ruwa da waƙa, ya jingine keke ya kama tare da su, aka ba shi kifi biyu. Ya ga ƙananan ƙaguwa masu launin yashi suna gudu a karkace suna nutsewa cikin ramuka. Ya ga jirage can a bakin sama, manya kamar unguwa, a tsaye cik, ya yi ta tunanin ko wanne ne zai ɗauki buhunansa. Da hantsi ya yi, hasken da yake tashi daga ruwa ya soma sukar idonsa, sai ya tura keken ya shiga ƙauye mafi kusa, ya nemi majami'a. Waɗansu na bulo ne, waɗansu na ganyen kwakwa, a wata ma yashi ne daɓenta, ana shiga ba takalmi. Ba ya jin harshensu, su ma ba sa jin nasa, amma da ya durƙusa sun san abin da ya kawo shi. Sukan ba shi benci ya kwanta, ya ɗiga magani, ya rufe fuskarsa da tsumma har rana ta yi sanyi. Saboda haka bai taɓa kasancewa a bakin ruwa da la'asar ba. Kowace safiya yakan tarar da yashin a jiƙe, a share, babu sawun kowa, sai ya ce lalle raɓar bakin teku tana da nauyi.

Safiyar ranar ƙarshe ya farka ya tarar bututun ya ƙara tsukewa. Ya miƙa hannunsa ya buɗe, bai ga yatsun duka a lokaci guda ba. Ya ɗiga magani, ya jira, ba abin da ya sauya. Ya hau keke ya yi tafiya har ya hango rufin ƙauyen da za su haɗu da Celestine, sai ya tsaya. Ya yanke shawara cewa yau ba zai ɓuya a majami'a ba. Ko hasken zai soke shi, a bakin ruwa zai yini. Gishiri ya sa sarƙar ta soma kuka, saboda haka ya kifa keken a kan jiƙaƙƙen yashin, inda ƙasa take da tauri, ya goge ta, ya bi ta da mai. Ya ɗaga kai ya duba sama ta kowace kusurwa, kamar yadda ya saba, ya tarar da ita garau. Ya bar keken a kife don man ya ratsa, ya hau tudu ya zauna a gindin kwakwa da jakarsa.

Da la'asar Celestine ya gaji da jira a mashiga, ya biyo gaɓa ta cikin yashi mai laushi, domin hanyar ƙasa ta rufe. Ya same shi zaune a gindin itacen. Inda aka kifa keken, raƙuman ruwa ne suke tashi sama da tsayin mutum suna faɗuwa.

"Baba, ina keke?"

Azariya ya nuna ruwan da haɓa.

"Ban gaya maka ba? Na nuna maka kututture."

"Ka gaya mini. Amma ba a yi hadari ba."

"Wane hadari? Wannan ba ya jiran hadari. Sau biyu yana zuwa, kowace rana, tun kafin kakana."

"Kowace rana?"

"Har ranar Lahadi ba ya hutu. To kana ina ya ɗauka?"

Azariya ya ce barci ne ya sace shi. Celestine ya tafa hannu, ya yi ta faɗa da harshensa, ya kira masunta suka duba gaɓar sama da ƙasa da ruwan ya janye. Ko ƙararrawa ba a samu ba.

Washegari suka ƙetara zuwa Badagiri. Celestine ya riƙe masa gwiwar hannu a kan titi, ya kai shi tsohuwar majami'ar da ya zo dominta. Cikin ginin da duhu-duhu, abin da Azariya ya iya gani shi ne taga guda mai haske da gefen wani benci da hannuwa suka goge har ya yi santsi. Ya durƙusa ya daɗe. Da ya tashi ya ce ya isa, a kai shi wurin Jamiluddeen.

Ya iso gida a kan babur ɗin haya, da jaka a cinya. Zipora tana bakin ƙofa. Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta duba bayan babur ɗin.

"Sannu da hanya. Ina babban gida, keken naka?"

"Teku ya karɓa."

"Baiko ka kai ke nan, kamar a majami'a."

"Barci na yi."

"Kai da ko a wa'azin sabuwar shekara ba ka gyangyaɗi." Ta karɓi jakar. "To, wane launi ne?"

Ya ce ta bari ya zauna tukuna, domin amsar tana da tsawo. Joanna kuwa da ta ji labari ta ce teku ya yi mata aikin da ɗakin ajiya ya kasa.

Kafin damina ta yi nisa idon dama ya bi na hagu. A shekarar ce cuta ta faɗa wa citta a ƙasar, gonaki suka ruɓe tun a cikin ƙasa, mutane suka rasa abin haƙa da kaka. Da yamma maƙwabta sukan taru a tsakar gidan Azariya, ba don yana da abin ba su ba, sai don ya gaya musu yadda ruwa marar ƙetare yake. Yakan ba da labarin a tsanake, yana juya kansa daga hagu zuwa dama. In ya zo wurin keken, akan yi masa dariya, shi ma ya yi. Mutumin da ya fi kowa sanin rafi, ruwa ya yi masa sata yana barci. Bai taɓa gyara wannan magana ba. Ya rasu a watan Maris na 2025, aka binne shi a bayan gidansa, Zumuntar Mata suka yi waƙa har rana ta karkata.

Azariya bai yi barci a gindin kwakwar nan ba. Idonsa biyu, ko kuwa a ce idonsa ɗaya, a buɗe. Yana zaune ya lura kowane raƙumin ruwa yana mutuwa gaba kaɗan da inda na bayansa ya mutu. Ya ɗauka idonsa ne yake yaudararsa, sai ya sa wa wani ɓawon kwakwa ido. Ruwa ya zo ya taɓa ɓawon, ya koma, ya dawo ya ɗauke shi. A nan ya gane cewa dukan wannan abu mai girma, daga inda yake zaune har layin da ya haɗu da sama, tasowa yake yi gaba ɗaya, a hankali, ba mai tura shi da za a gani. Ya ga kumfar farko ta lashi sirdin keken. Akwai lokaci, tudun ba shi da tsawo, ƙafafunsa kuma lafiyarsu ƙalau. Amma da ganin da ya rage masa, in zai sauka sai ya sunkuyar da kai ya kalli inda yake takawa, sai ya juya wa ruwan baya ya jawo keken cikin yashi, ya kuma san cewa abin da yake faruwa a gabansa ba za a sake nuna masa shi ba. Ya sa tafin hannu a ƙasa zai tashi, ya fasa. Ya ga ruwa ya kewaye keken, ya ga tayar baya ta juya ita kaɗai, ya ga wani babban raƙumi ya kwantar da shi, na bayansa ya ja shi ciki. Hawaye suna zuba daga idon saboda zafin haske, bai rufe shi ba, har ruwan ya kai iyakarsa, ya tsaya kamar mai tunani, ya soma komawa.

Wannan bai gaya wa Celestine ba, bai gaya wa Joanna ba, bai kuma gaya wa Zipora ba.